Iri Mai Magani

A shekarar da ta biyo bayan babban farin nan, lokacin soja ke riƙe da ƙasa, akwai wani mai zane a sarwis ɗin noma, wato ma'aikatar gona, ta Tasawa, ana ce masa Cha'ibu. Aikinsa zana hotunan da ake liƙawa a bangon kasuwa da ƙofar disfansa, wato ƙaramin asibiti, don a koya wa manoma wani abu. Mutum ne mai ji da hannunsa, kuma ba a banza ba. In ya zana saniya, Bafulatani sai ya tsaya ya tambayi ta wane garke ce. Kullum da kirayon, fensir ɗin zanensa, a bayan kunne yake yawo, har masallaci, wai kada ilhama ta zo ta tarar da shi hannu rabbana.

Ƙasa kuwa ta sha wuya. Rumbuna sun yi wayam, mata na tonon gidan tururuwa, an koma ga dusa da anza. Abin da ya fi ciwo, mutane sun cinye hatsin iri, abin da a da ko mahaukaci ba ya taɓawa. Ana cikin haka wani purje, wato shirin agaji, ya kawo irin gero a ƙananan buhuna, kowane gida ɗaya. An cuɗe irin da wani jan gari mai kashe ƙwari a cikin ƙasa, kuma injiniyan noma ya faɗa ya nanata cewa in ya shiga cikin mutum illa ce, yaro ƙarami kuwa yana iya kashe shi, sannan wanki ba ya raba shi da ƙwayar. Aka ba Cha'ibu aikin ya yi alamar da za a buga a jikin kowane buhu kafin kamyo, manyan motocin kaya, su kwashe zuwa ƙauyuka. Ya zauna ya rangaɗa rubutu da boko da ajami, manyan baƙaƙe masu kyau: IRI MAI MAGANI, NA SHUKA NE. Ya ja baya ya kalli abinsa, ya ji a ransa ya gama aiki.

A ranakun nan ne yayarsa Zara'u ta zo daga ƙauyen Kona. Ita ta goye shi bayan rasuwar uwarsu, ita ta riƙa raka shi lakwal, makarantar boko, yana turjewa. Mijinta ya tafi cin rani kudu tun kakar da ba a yi ba, ba shi ba labarinsa, ya bar ta da ɗiya ɗaya, Biba, wadda ta isa gudu amma ƙafafunta sun daina ɗaukarta. Ta kawo yarinyar disfansa, aka ba ta ɗan garin nan na taimako da mata ke kira garin magani, ta biyo gidan ƙaninta ta huta kafin ta koma. Cha'ibu, da yake abin alfahari ba ya zama a ciki, ya ɗauko takardar ya karanta mata. Fuskar Zara'u ta washe irin yadda ya daɗe bai gani ba.

"Ashe har magani aka sa mishi?" in ji ta. "Allah shi saka ma gwamnati. In an ba mu sai in ɗebi kaɗan in dama ma Biba kunu, ko ta ji ƙarfin jikinta."

Tsoro ya kama Cha'ibu, tsoro na gaske, don ya gane cewa da hannunsa ya kusa kashe ɗiyar yayarsa. To, laifin wa? Hausa ce haka. Abin da likita ke ba marar lafiya magani, abin da ake zuba wa ɓera shi ma magani, har layar da ake ɗaura wa jariri magani. Uwar da ɗiyarta ke ramewa a gabanta, in ta ji magani, wanne kake so ta ɗauka? Ya yi wa Zara'u bayani har ta rantse masa ta gane, ya zuba mata ɗan abin da ke gidansa na hatsi, wanda ba yawa gare shi ba tunda shi ma bakuna ne suka taru a kansa. Amma Zara'u ɗaya ce. Tsakanin Tasawa da Mayahi akwai irinta dubbai, kuma ba kowace ke da ƙane mai karanta mata takarda ba.

Washegari ya soke kalmar magani ya rubuta guba, ya kai wa kumandan mai mulkin garin, don a zamanin ko ƙusa ba a bugawa a bangon gwamnati sai da sa hannunsa. Kumandan soja ne, ba mugu ba, amma mutum ne da ya fi tsoron wayar Yamai fiye da tsoron Allah, Allah ya yafe mini. Ya karanta, ya cire tabarau, ya tambayi Cha'ibu ko yana da iyali. Sannan ya ce masa a hankali, abin da gwamnati ta ba talakawanta ba a kiransa guba, kuma in wannan kalma ta fita a jikin buhu, gobe rediyoyin waje za su ce soja na raba wa mayunwata guba. Ya ce a je a yi hoto, ai don hoto ake biyansa. Cha'ibu ya ce to, ranka ya daɗe, ya fito. Linzami ya fi ƙarfin bakin kaza.

Bai wani damu ba, don yana ganin hoto ai gidansa ne. Ya zana ƙoƙon kan mutum da ƙasusuwa biyu gicciye a ƙarƙashinsa, alamar da ya gani a jikin duk wata kwalbar mugun abu tun yana lakwal, ya zuba jajayen ƙwayoyi a gefe. Har zai kai wa maƙeri a yanka masa a jikin kwano don buga fenti, sai Lalla ta tare shi. Lalla ma'aikaciyar wayar da kai ce a biro, wato ofis, ɗaya da shi, 'yar Abzinawan nan da suka daɗe da zama a arewacin Mayahi, mace mai ƙarancin magana da yawan kallo. Ta taɓa yin aiki da wasu masu bincike kan yadda mutanen karkara ke fahimtar hoto, ta fito da ka'ida guda wadda ba ta sayarwa ko da raƙumi. Ta ce masa hoton da mai shi ne kawai ya gwada ba a gwada shi ba. A kai shi kasuwa, a nuna wa waɗanda aka yi dominsu, a tambaye su me suka gani, sannan a kame baki.

"Kame bakin nan shi ne aikin," in ji ta. "Buhu zai tafi ƙauye, kai kana nan Tasawa."

Ranar kasuwar Urafane suka hau moto, wato babur, suka tafi. Kasuwa ce ta shekarar fari, masu kallo sun fi masu saye, awaki kamar an rataye fata a kan itace. Suka zauna kusa da wata tsohuwa mai sayar da kuka da daddawa, Inna Hawwa, suka gaisa har gaisuwa ta ƙare, sannan Lalla ta miƙa mata takardar. Tsohuwa ta juya ta sama, ta juya ta ƙasa, ta kai ta nesa da ido, can sai ta girgiza kai cikin tausayi.

"Bawan Allah, wanga yunwa ta gama da shi. Dibi ido ya faɗa. Amma ga shi yana dariya, an kawo mishi hatsi, ga taɓare biyu a daka mishi. Wato na waɗanda suka fi jigata ne, su za a fara ba."

Cha'ibu ya buɗe baki zai yi gardama, Lalla ta take masa ƙafa. Suka nuna wa wasu. Wani ya ce aljani ne, wani ya ce tambarin soja ne, wata ta ce kabewa ce da ɓera ya ci. Mafi yawa dai bayan Inna Hawwa suka bi, suka ga mayunwaci da taɓarensa. Kuma in ka duba da idon adalci, ina suka taɓa ganin ƙoƙon kan mutum? Mamaci a nan ana suturta shi kafin rana ta juya, ba wanda ya san yadda yake komawa. Amma fuskar da nama ya ƙare a kanta, wannan kam sun san ta, da ita suke kwana da ita suke tashi. Cha'ibu ya koma gida ba ya ko son a yi masa sannu.

Da fushin ya sauka ya ce to bari ya zana abin da ba wanda zai ɓata, yaro kwance ya mutu, ƙwaryar jan hatsi a gefensa. Lalla ta ce kada ma ya ɓata kirayon. Babu uwar da za ta shiga ɗakinta da hoton gawar yaro, mugun fata ne. Za ta juye irin a ƙwarya ta ƙone buhun, sai a bar jan hatsi a ɗaki ba abin da ke gargaɗi a kansa. Ya kuwa san Zara'u ma haka za ta yi. Daga nan tunaninsa ya faɗa kan kaza. Kowa ya san yadda kaza ke mutuwa, ta yi rigingine, ƙafafu a sanƙare, wuya a karye gefe guda. Ya zana ta haka, da jajayen ƙwayoyi a bakinta, 'yan tsakinta na tsaye cirko-cirko.

Wannan karon a ƙauyukan hanyar Mayahi suka bi, rijiya rijiya, inda mata ke taruwa. Hoto ya yi magana. Duk wadda aka nuna wa sai ta ce kaza ta ci jan hatsi ta mutu. Cha'ibu har ya fara taka ƙasa da ƙarfi. Amma Lalla ba ta tsaya nan ba, don tambayarta biyu ce, me kika gani, sannan me za ki yi. A tambaya ta biyun ne wata mata da guga a hannu ta yi dariya ta ce ai sai a hana kaji. Mutum kuwa ba kaza ba ne, in ji ta, kaza ba ta iya jiƙo ba. Su da suka jiƙa anza kwana da kwanaki suna sake mata ruwa har ɗacinta ya fita suka ci suka rayu, ɗan jan gari ne zai gagare su? Sauran matan suka ce ƙwarai kuwa. Ba wauta ba ce, sani ne, kuma sanin nan shi ya raya 'ya'yansu bara. Sai dai a kan wannan hatsin sanin nasu kashe su zai yi.

Lokaci kuma ya matse. Kamyo sun iso, shugaban sarwis na ta faɗin ba a fafe gora ranar tafiya, kamar Cha'ibu ne ya hana a fafe. Ya raba hoton gida biyu. A gida ɗaya mace na wanke jan hatsi a ƙwarya, jan ruwa na zuba ƙasa. A ɗaya gidan ga ƙwaryar nan dai, mai tsaguwa ɗaya a baki don a shaida ita ce, hatsin ya yi fari tas, kaza ta ci ta mutu a gefenta. Ya jera su hagu da dama kamar yadda aka koya masa. Mutum na farko da suka nuna wa a tashar Tasawa wani dattijo ne da ya yi karatun allo, ya kuwa fara daga dama, ya ce kaza ta mutu, shi ya sa aka wanke hatsin, yanzu ya zama lafiya. Cha'ibu ya riƙe kai. Sai da suka yi dariyar da ba ta daɗi ba shi da Lalla, sannan ya ɗora gida ɗaya a kan ɗaya, wankin a sama, mushen a ƙasa, tunda ɗan allo da ɗan lakwal duk daga sama suke fara shafi.

Suka sake zagayawa. Tsoho da yaro, mace da namiji, mai karatu da wanda bai taɓa riƙe alƙalami ba, amsa ta zama ɗaya, ko an wanke shi yana kisa. Wata ta ƙara da cewa abin da ya kashe kaza bayan wanki ba za ta kai shi bakin ɗanta ba. Lalla ta dubi Cha'ibu ta gyaɗa kai, wanda a wurinta ya kai guɗa. Kumandan ya daɗe yana kallon takardar yana neman inda aka taɓa gwamnati, bai samu ba. Ya ce kaza ai kullum mutuwa take, ya sa hannu. Aka yanka hoton a kwano, aka yi ta bugawa da baƙin fenti da ja har hannun kowa a biro ya rine, kamyo suka kama hanya.

Bayan rabo da 'yan kwanaki Cha'ibu ya ɗauki moto ya nufi Kona. A bakin aiki ya je ya ga yadda hoton ya yi a hannun mutane, a ransa kuwa Biba ya je gani. Sama fes take, ba ko gajimaren da ya kai tafin hannu, zafin bazara na dukan ƙeya. Tsofaffi sun ce da sauran lokaci kafin ruwa ya zauna. A ƙofar gari ya tsaya ya tambayi mutane, kowa ya karanta masa hoton daidai, har wani ya nuna masa buhunsa rataye a saman ɗaki inda yaro ba ya kaiwa. Ransa ya yi fari. A gidan Zara'u ya tarar da Biba kwance a inuwar maƙwabciya, da rai, tana tsotsar ɗan yatsa. Maƙwabciyar ta ce uwarta na gona tun safe.

Gona a wannan lokaci? Ya bar moto ya bi ta cikin rairayi. Daga nesa ya hango ta ita kaɗai a fili, ta sara rami da sungumi jere guda, ta dawo da ƙwarya a hannu tana jefa jajayen ƙwayoyi tana rufewa da diddige. Binne take yi, shukar da ake yi a busasshiyar ƙasa a jira ruwa. Ana yin binne, ba baƙon abu ba ne, amma mai yinsa sai ya ga alamar hadari, kuma sai mai iri na biyu a ɗaki. In yayyafi ya sauka ya tsirar da shi sannan ruwa ya ɗauke, shi ke nan, iri ya ƙone. Ita kuwa buhun ga shi can yashe a gindin gawo, ya kusa zama fanko.

Ran Cha'ibu ya ɓaci, ɓacin rai irin na wanda ya sha wahala don mutum. Ya gaishe ta a gajarce, ya shiga faɗa, abin da bai taɓa yi mata ba. Ya ce wannan irin shi ne kaɗai za ta samu bana, ba wanda zai ba ta wani. Ya ce gara da zafin ƙasa za su cinye rabi kafin ɗigon farko. Ya ce me zai hana ta rataye shi kamar kowa ta jira, ko kuwa duk yawon da ya yi rijiya rijiya hoton bai shiga kanta ba? Zara'u ta ci gaba har ta kai ƙarshen jeren. Ta aje ƙwaryar, ta share gumi da bakin zane, ta dube shi kamar yadda take dubansa sa'ad da yake ƙin tafiya lakwal.

Ta ce ta gane hoton sarai, ba abin da ya ɓoye mata. Ta rataye buhun kamar kowa. Garin disfansa ya ƙare, abin da ya zuba mata ya ƙare, Biba ta daina ma kuka sai dai ta bi ta da ido. Ita kuma duk inda ta juya a ɗakin nan ga buhu a saman kanta, gero ne a ciki, gero na gaske. Jiya da rana, ta ce, sai ganin kanta ta yi a tsugune, ta sauke buhun, ta zuba tafi guda a ƙwarya, ta kwara masa ruwa, tana lissafin sau nawa za ta sake ruwan. Kazar jikin buhun na gabanta tana kallonta, kuma hannunta bai daina cuɗawa ba. Da ta dawo hayyacinta ta tona rami ta zubar, ta wanke hannu da toka, ta je ta aro sungumi.

"Idona ya karanta, auta, hannuna ne na daina yarda da shi," in ji ta. "In ruwa ya yi gardama na yi asarar iri, na sani. Gara in binne shi da in binne Biba."

Cha'ibu ya ji kunya, ya ji tausayi, ya ji kuma son yayar tasa ya cika masa ƙirji. Ya tsaya yana kallon jeren ramukan da ta rufe, sawun diddigenta a kan kowanne. Can ya cire takalman biro ya aje a gindin gawo, ya naɗe ƙafar wando, ya juye sauran irin a ƙwarya. Zara'u ta ɗauki sungumi ta shiga gaba tana sara, shi yana biye yana jefawa yana rufewa, har buhun ya ƙare.